Wasiyyar Howard da Hatimin Kasuwa

A shekarar 1940 Sir Albert Howard, masanin tsirrai ɗan Ingila, ya fitar da littafinsa An Agricultural Testament, wato wasiyya a kan noma. Littafin yana cikin tushen abin da Turawa ke kira noman oganik, noman da ya dogara da takin gargajiya, ya ƙaurace wa takin zamani da magungunan feshi na masana'anta. Nufina a nan shi ne in auna wannan wasiyya da dokokin da suka gaje ta, domin a ganina magadan sun riƙe sunan, sun manta da wanda aka koyo ilimin a wurinsa.

Ƙarfin littafin yana cikin tawali'un marubucinsa. An tura Howard Indiya a 1905 domin ya gyara wa manoma aikinsu, sai ya ɗauke su malamai. A garin Indore, tsakanin 1924 da 1931, ya tsara hanyar haɗa taki: a jera ganye da kara da kashin dabbobi da toka, a yayyafa ruwa, a riƙa juyawa har su ruɓe. Hujjarsa guda ce, cewa duk abin da aka ɗiba daga ƙasa bashi ne, dole a mayar mata. Bahaushen da ya karanta wannan ba zai ji baƙon zance ba. Manoman kewayen Kano sun daɗe suna ɗora shara da tokar birni a kan jakuna zuwa gonaki, suna saukar da Fulani a gona bayan girbi, suna haɗa gero da wake a kunya ɗaya.

Rauninsa kuwa shi ne yaƙininsa ya rinjayi lissafinsa. Howard yana rubutu da muryar mai wa'azi, har ya kai ga ɗaukar kwari da cutar shuka a matsayin shaidar cewa an zalunci ƙasa. Akwai gaskiya a ciki, amma fara ba ta tambayar irin takin da aka zuba kafin ta sauka. Haka nan bai gamsar da ni ba a kan tambaya mafi nauyi: ina za a samo takin da zai ishi gonakin ƙasa guda? Siri Lanka ta ɗanɗana amsar. A watan Afrilun 2021 Shugaba Gotabaya Rajapaksa ya haramta shigo da takin zamani dare ɗaya. Amfanin shinkafa da ganyen shayi ya faɗi, aka fara janye dokar a watan Nuwamba, kuma fushin manoma ya shiga cikin guguwar da ta kore shi daga mulki a Yulin 2022. Jihar Sikkim ta Indiya kuwa ta ɗauki niyya a 2003, ba a ayyana ta cika ba sai a 2016. Sauri ya haifi nawa. Ba zan ɗora wa Howard laifin wannan doka ba, sai dai littafin da ya yi wa'azi bai yi ƙididdiga ba yana da sauƙin faɗawa hannun mai gaggawa.

Da kasuwa ta gane cewa sunan oganik yana ƙara wa kaya daraja, sai doka ta shigo. Amurka ta kafa tata a 1990, Turai ta biyo baya a 1991. A tsarin Amurka sai gona ta shekara uku ba a zuba mata haramtaccen sinadari ba, sannan manomi ya ajiye bayanan aikinsa a rubuce, mai bincike ya zo duk shekara, a biya kuɗin shaida. Ba na musun amfanin wannan. Mai saye a birni ba ya ganin gona, kuma kalmar gargajiya ba ta wanke kowa: a 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigo da waken Nijeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a cikinsa. Inda amana ta yi rauni, dole shaida ta tsaya.

Abin da nake suka shi ne yadda shaidar ta zama ita ce noman. Idan aka ce kusan kashi 2 cikin 100 na ƙasar noman duniya oganik ce, takardu aka ƙirga. Shi ya sa Ostareliya ke kan gaba, galibi da faffaɗan filayen kiwo, alhali tsohon da ya shekara arba'in yana ciyar da gonarsa da kashin awaki ba ya cikin lissafi, don ba shi da kuɗin mai bincike, ba shi da magatakarda. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ilimin da Howard ya koya a gindin talaka, yau talakan ne ba ya da izinin kiran sunansa a kasuwa.

Gyaran ba boyayye ba ne. Brazil da Indiya sun amince da tsarin da manoma ke duba gonakin junansu, su lamunci juna, a ba su shaidar sayarwa a kasuwannin cikin gida. Wannan ya fi kusa da ruhin littafin, ya kuma yi kama da gayya da muka sani, inda idon maƙwabci ya fi na baƙo kaifi. Hukuncina a kan wasiyyar shi ne a karanta ta da alƙalamin lissafi a hannu. Hukuncina a kan dokokin kuwa, duk wadda ta bar ƙaramin manomi a bakin ƙofa ta saɓa wa littafin da ta fito daga cikinsa.