Isnadin da Na'ura ta Ƙera: Sharhi kan Wani Bidiyo da Takaddamar Sahel

A watan Mayun 2025 aka yaɗa wani bidiyo na minti 36 a YouTube, wanda ya nuna Fafaroma Leo na 14 yana jinjina wa Kyaftin Ibrahim Traore na Burkina Faso. Fadar Vatikan ta ƙaryata shi: an ɗauko hoton ganawarsa da 'yan jarida, aka ɗora masa murya da motsin leɓe ta hanyar ƙirƙirarriyar basira.

Bidiyon ya zo ne a tsakiyar takaddama. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023, ƙungiyar ECOWAS ta ƙaƙaba takunkumi, aka rufe iyakoki, har da ta Kamba. A Janairun 2025 Nijar da Mali da Burkina Faso suka kammala ficewa daga ƙungiyar. Manufar irin wannan bidiyo ita ce mallakar zukatan talakawa, domin gwamnatin da jama'arta suka riga suka yanke hukunci kan maƙwabciyarta ba ta da sararin yin sulhu. Ga mutumin Wurogauri da sauran ƙasar Gwandu, batun ya shafi kasuwa da auratayya da zumuncin da ya girmi iyakar Turawa.

Masu kare bidiyon suna cewa ko da ƙage ne, saƙonsa na ƙin mulkin mallaka gaskiya ne. Wannan hujja tsohuwa ce. Da irinta Karramiyya suka halatta ƙirƙirar hadisi don kwaɗaitarwa da tsoratarwa, malaman hadisi kuwa suka yi watsi da ita, saboda ƙarya ba ta zama hujja don kyawun niyya. Wanda ya yarda da ƙagen da ya yi masa daɗi, da me zai musanta wanda za a yi wa shehinsa gobe?

Sai dai akwai sabon abu. A da maƙirƙiri yana ƙaga maruwaita. Yanzu na'ura tana ƙaga gani da ji, waɗanda shaida take dogara da su. Don haka umarnin bin diddigi da ke aya ta 6 ta Suratul Hujurati ya hau kan duk mai tura saƙo a WhatsApp: wa ya fara sakinsa, kuma wa zai amfana? Ƙasar da Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya karantar ita ta fi cancanta ta raya wannan ilimi. Allah ne Mafi sani.