Burodin da Ba Ya Kwana

Wanda ya taɓa karin kumallo a Yamai ko Maraɗi ya san doguwar sandar burodin nan mai ɓawo, wadda ake kira baget. Mulkin mallaka ne ya kawo ta Nijar, amma a gidanta, Faransa, ta wuce mahaɗin shayi. Da safe a tsaga ta, a shafa man shanu, a tsoma a kofi mai madara. Da rana da dare tana gefen faranti, da ita ake suɗe romo, da ita ake cin cuku.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne raunin baget. Wadda aka gasa da asuba, kafin dare ta fara bushewa, washegari kuma sai dai a jiƙa ta da madara da ƙwai a soya. Wannan raunin ne ke fitar da mutum kullum zuwa wurin mai gashin unguwa, ya bi layi, ya gaisa, ya faɗi ko mai gasuwa sosai yake so ko mai sauƙin gashi.

Hukuma ba ta wasa da zancen burodi, domin tsadarsa ce ta sa matan Paris suka yi tattaki zuwa fadar sarki a Versailles a Oktoban 1789. Dokar 1993 ta tanadi cewa burodin gargajiya gari ne da ruwa da gishiri da yisti, kuma ba a daskarar da ƙullinsa. Ta 1998 ta hana kowa kiran shagonsa gidan burodi sai in a nan yake kwaɓawa ya gasa. A 2022 UNESCO ta sa sana'ar cikin al'adun da duniya ta gada.

Sai dai a ganina doka suna take karewa, ba ta iya riƙe ciniki. Manyan kantuna na sayar da baget ɗin injin da araha, ƙauyuka da yawa kuma sun wayi gari babu mai gashi ko ɗaya. Aikin na tashin tsakar dare ne, matasa na gudunsa, kuma 'ya'yan baƙi na cikin masu riƙe da shi yanzu. Djibril Bodian, haifaffen Senegal, sau biyu yana cin gasar baget ta birnin Paris, a 2010 da 2015, kuma ladan mai nasara shi ne ya riƙa kai burodi fadar shugaban ƙasa har shekara guda.

Da yamma za ka ga yaron da aka aika yana komawa gida da baget mai ɗumi a hammata, ya riga ya gutsure kanta tun bai kai ƙofa ba.