Jinjina ga Masu Saƙa wa Ruwa Raga

Duk wanda ya shaida ambaliyar da Gulbin Zamfara ya yi a Gummi cikin watan Agusta na 2024, lalle ya san cewa akwai wata jama'a ta ma'abota ilmin hisabi da ta cancanci yabo, wato injiniyoyin da ke ɗaukar taswirar gulbi su shigar da ita cikin kwamfuta, sa'an nan su rarraba ta ƙananan gidaje dubu bisa dubu, tamkar saƙar komar masunta, domin na'ura ta lissafta zurfin ruwa da saurinsa a kowane gida.

Hikimar sana'ar tana cikin rabon nan. A shimfiɗaɗɗiyar fadama sukan bar gidajen da faɗi, amma inda gulbi ya karkata, ko a gindin gada inda igiyar ruwa ke murɗawa, wajibi ne su tsananta saƙa, tare da taƙaita kowane taƙin lokaci na lissafin har igiya ba za ta tsallake gida ba a lissafta shi ba. In ba haka ba, hisabin ya ɓaci baki ɗaya. Ƙa'idojin da suke bi kuwa, Bafaranshe Saint-Venant ya tsara su tun 1871, kuma manhajoji irin su HEC-RAS da su suke aiki har yau.