Gwanin Zauren Masu Hannun Jari

Lokacin da Babban Bankin Nijeriya ya tilasta wa bankuna ƙara jarinsu zuwa naira biliyan 25 kafin ƙarshen 2005, tallar hannun jari ta ratsa ƙasar Haɗejiya har Birniwa. Malaman makaranta da ma'aikatan ƙaramar hukuma da dillalan riɗi sun saya, da yawa kuma suka ninke takardar suka sa a ƙasan akwati. Ina jinjina wa 'yan ƙalilan ɗin da suka gane cewa takardar nan kujera ce a babban taron shekara-shekara na kamfani, suka kuma ƙware wajen zama a kanta.

Gwani yana fara aikinsa tun daga gida. Dokar kamfanoni ta 2020 ta wajabta a sanar da masu hannun jari kwana 21 kafin taro, shi kuwa ba ya barin kwanakin su tafi a banza. Sai ya ɗauki rahoton shekara, ya tsallake hotunan daraktoci da jawabin shugaba, ya faɗa shafukan baya inda ƙananan lambobi suke: bashin da aka bai wa kamfanonin daraktoci, alawus ɗinsu, kuɗin da aka biya masu binciken asusu. A gefen shafi yake rubuta tambayarsa da biro, guda ɗaya tak, tare da lambar shafin. Ranar taro, yayin da wasu ke ɓata lokaci wajen yabon shugabanni, shi miƙewa yake ya ce, "Ranka ya daɗe, a duba shafi kaza." Irin wannan tambaya ba ta da wurin zillewa.

Inda ya fi burge ni shi ne sanin ƙuri'a. Iri biyu ce. In ɗaga hannu ake yi, mai hannun jari ɗari da mai miliyan ɗari duk hannu ɗaya ne. In kuma aka koma ƙirga jari, kowane hannun jari ƙuri'a guda ne, a nan manya ke rinjaye. Mutum uku a zauren sun isa su nemi a yi ƙirgar, amma doka ta hana yin hakan wajen zaɓen kwamitin binciken kuɗi, wanda uku cikin mambobinsa biyar daga masu hannun jari suke. Gwani ya san wannan ce ƙofar ƙaramin mai jari, don haka yake aika sunan ɗan takararsa ga sakataren kamfani a rubuce, kwana 21 kafin taron. Ya kuma san taro na iya rage ribar da daraktoci suka ba da shawarar a raba, amma ba ya iya ƙara ta, saboda haka ba ya ɓata yawunsa a kai.

Nisa ma ba ya hana shi. Akwai takardar wakilci: ka rubuta sunan wanda ka amince da shi, ka sa alama a kan kowane ƙuduri, ta isa hannun magatakardan kamfani awa 48 kafin taro. Tun 2023 kuma doka ta yarje wa kamfanoni su yi taron ta intanet.

Mai karatu, in kana da hannun jari a Bankin Jaiz ko wani kamfani, fito da takardar, ka sabunta lambar waya da adireshinka wurin magatakarda, domin sanarwar taro mai zuwa ta same ka.