Ƙofa Ta Buɗe, Amma Ga Wa?

Wani abokina malamin jami'a ya shafe shekara uku yana bincike kan tsutsar da ke cin zangarniyar gero, aka buga sakamakon a wata mujallar kimiyya ta Turai. Da ɗalibansa suka nemi karantawa a intanet, sai aka ce su biya. Manomin da aka shiga gonarsa kuwa, ba a ma zancensa.

Ka duba tsarin. Masani ya yi bincike da kuɗin jama'a, ya rubuta kyauta, takwarorinsa su tantance kyauta, sannan ya sa hannu ya miƙa haƙƙin mallaka ga kamfani, kamfanin ya juyo ya sayar wa jami'arsa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Wannan ne ya sa a 2012 masanin lissafi Timothy Gowers ya ƙaurace wa kamfanin Elsevier, dubban masana suka bi sahunsa.

Tun sanarwar Budafes ta 2002 ake kiran a saki ilimi kowa ya karanta, kuma na yi murna da lasisin Creative Commons, wanda ke ba ka damar kwafa da rabawa muddin ka ambaci marubuci. Sai dai kamfanonin ba su rushe katangar ba, matsar da ita suka yi. Yanzu marubuci ne zai biya. A 2021 mujallar Nature ta yanka yuro 9,500 kan kowace maƙala da ake so a saki kyauta, wato sama da sefa miliyan 6. Wane malami ne a Yamai ko Maraɗi zai ciro wannan daga aljihunsa?

Za a ce ai ana yafe wa ƙasashe matalauta kuɗin. Gaskiya ne, amma rangwame alfarma ce, kuma mai yin alfarma yana iya janyewa ranar da ya ga dama.

Ni a ganina darasi yana Barazil. Tun ƙarshen shekarun 1990 hukumomin tallafa wa bincike suka ɗauki nauyin rumbun SciELO, mujallun gida suka samu wurin zama, kowa na karantawa kyauta. Mu ma muna da AJOL tun 1998. Abin da ya rage shi ne kwamitocin ƙarin girma na jami'o'inmu su auna ingancin aiki, su daina raina wanda aka buga a gida. Muddin sunan mujalla ya fi abin da ke cikinta daraja a wurinsu, mu ne za mu ci gaba da kai wa kamfanonin nan guminmu da hannunmu.