Zango Biyar a Wuyan Jita

Aderbissinat zango ne a kan hanyar Agadas zuwa Damagaram, kuma a nan ne, a wani daren biki, na zura wa hannun hagun wani matashin makaɗi ido har na manta da masu rawa. Rawani ya rufe masa fuska, janareto na ta ruri a bayan rumfa, shi kuwa ko kallon jitar ba ya yi. Hannun ya yi ƙasa, ya dawo sama, bai taɓa sauka a gidan da ba nasa ba.

Ashe abin da lissafinsa. Ƙananan ƙarafa sun gitta wuyan jita, sun raba shi gida-gida kamar na dara. Yawancin kiɗan Abzinawa kuma a kan murya biyar yake tafiya, misali la, do, re, mi, sol. A kan tsirkiya mafi kauri, la tana gida na 5, do na 8, re na 10, mi na 12, sol na 15. A gida na 17 sai ga la ta sake fitowa da siririyar murya, domin bayan kowane gida 12 abin maimaita kansa yake yi. Daga kowace murya akwai zangon da hannu zai sauka, yatsu huɗu su rabe gidaje huɗu ko biyar, su tarar da muryoyin nan duka a kan tsirkiyoyi shida ba tare da an gusa ba. Zango biyar ke nan.

Ɗan koyo yakan kafa bukka a zangon farko, ya shekara bai tashi ba. Gwani shi ne wanda ya san ƙofar da ke tsakani: ya zame yatsa ɗaya a kan tsirkiya, sai ka ji waƙar ta haura, kamar an tashi daga muryar dattijo an koma guɗar mata. Duk wannan kuwa babban yatsan dama na dukan tsirkiya mai kauri, tana gunji ba fashi, shi kuma hannun hagu yana bugun tsirkiya da kan yatsa yana fizgewa, murya uku a kaɗawa ɗaya.

Da yawan makaɗan Abzinawa ba su taɓa ganin wannan lissafi a takarda ba. Kunne ne da kallon hannun na gaba, tun zamanin kaset ɗin Abdallah ag Oumbadougou, wanda ya rasu a 2020, har zuwa Bombino, wanda faifansa Nomad ya fito a 2013. Mdou Moctar ma da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta fari, ga shi bahago, sai da ya juya duk abin da ya gani.

Can wajen asuba tsirkiya ɗaya ta tsinke wa matashin nan. Bai tsaya ba. Ya matsa zango na gaba, ya ɗauko muryar a wata tsirkiyar, mata suka ci gaba da tafi.