Ƙaramin Dogo da Tsakuwarsa: Nazari a kan Fasahar Japanawa da Motar Karan Yaran Gulbin Rima

Daga cikin sana'o'in hannu waɗanda mai gaggawar hukunci yake ɗauka wasan yara ne, alhali kuwa galibin ma'abotansu magidanta ne da dattawa da suka ba su shekaru da dukiya, akwai wata wadda ta kafu ƙwarai a ƙasar Japan, wato gina ƙaramin layin dogo a bisa allo, tare da tasharsa da gadojinsa da gonakin da yake ratsawa da gidajen da ke gefensa, sannan a saki ɗan jirgi mai tafiya da wutar lantarki ya riƙa zagawa a cikinsa. Wannan fasali shi ake kira diyorama. Ya cancanci a yi nazarinsa daga gabashin Sakkwato, daga Kwargaba da Wurno da Rabah da Goronyo, ƙasar da dogo bai taɓa takawa ba, saboda dalilai biyu: na farko, yaranmu suna da wata daɗaɗɗiyar fasaha 'yar uwar wannan, ita ce ƙera mota da kara da gwangwani, na biyu, akwai dangantaka ta haƙiƙa tsakanin dogon Japan da namu wadda mutane da yawa ba su lura da ita ba.

Bayanin dangantakar kuwa shi ne, lokacin da Japanawa suka buɗe layinsu na farko a 1872, daga Shimbashi ta Tokyo zuwa Yokohama, wanda aka soma gininsa bisa jagorancin wani injiniya Ba'ingile mai suna Edmund Morel, faɗin da aka sa tsakanin ƙarfe da ƙarfe ƙafa uku ne da inci shida, wato milimita 1,067. Kuma da wannan awo ɗin ne aka shimfiɗa dogon da ya taso daga Baro ya isa Kano a 1911, da reshen da ya bar Zariya ya ratsa Gusau ya tsaya a Ƙauran Namoda a 1929, inda gyaɗa da auduga da fatun jar akuya na ƙasar Sakkwato suka riƙa hawa tarago zuwa bakin teku. Daga baya kowace ƙasa ta ƙara faffaɗan dogo mai milimita 1,435: Japan a 1964 domin jirginta mai tsananin gudu, Shinkansen, Nijeriya kuma a layin Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016, da na Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a 2021. Saboda haka duk mas'alar awo da ke gaban mai ƙaramin dogo a Osaka, ita ce za ta tsaya gaban wanda ya ƙuduri kwaikwayon tashar Ƙaura.

Asalin wannan fasaha duka ƙiyasi ne. Da yake gidajen biranen Japan ba su da yalwa, sai jama'arta suka fi karkata ga ƙaramin mizanin da ake wa laƙabi da harafin N, wanda faɗin dogonsa milimita 9 ne kacal. Kamfanin Kato ya soma fitar da shi a 1965, Tomix ya biyo baya a 1976, kuma ƙa'idarsu ita ce a rage kowane abu sau 150, in ban da Shinkansen da ake rage wa sau 160. A bisa wannan lissafi mutum cikakke ba ya wuce milimita 11 da 'yan kai. Sai dai a nan akwai wani aibi wanda su kansu masu abin suka sani suka haƙura da shi, domin in an raba 1,067 gida 150 abin da zai fito milimita 7 ne da ɗigo, ba 9 ba, don haka ƙananan jiragensu na tsohon layi suna tafiya a kan dogon da ya fi ƙarfinsu faɗi, Shinkansen ne kaɗai lissafinsa ya faɗa daidai. Sun zaɓi sauƙin haɗa kaya iri ɗaya a kan cikar tahakiki, kuma duk da haka fasahar ta ɗaukaka har ta sami gidajen adana tarihi, kamar gidan tarihin jiragen ƙasa na Saitama da aka buɗe a 2007, da gidan Hara na Yokohama da aka buɗe a 2012 domin baje abin da Nobutaro Hara ya tara ya kuma ƙera a tsawon rayuwarsa.

To, amma inda ake gane gwani daga mai koyo shi ne wurin tsakuwa, wadda ita ce mafi ƙasƙancin abin da ke cikin fasalin, kuma mafi saurin tona asirin mai shi. A dogon gaske tsakuwa tana da aiki huɗu: tana rarraba nauyin jirgi a kan ƙasa, tana riƙe matasan da aka ɗaure ƙarfen a kansu kada su goce, tana tsiyayar da ruwan sama, tana kuma hana ciyawa tsirowa. Shi ya sa ake fasa ta daga dutse mai tauri, ta fito da kusurwoyi masu kaifi da za su sarƙe da juna, domin tsakuwar gulbi da ruwa ya goge ta yi sumul gangarewa take yi ƙarƙashin nauyi. Babbar cikinta ba ta cika wuce santimita 6 ba, wanda in an rage shi sau 150 zai koma ƙasa da rabin milimita. Wanda ya zuba ƙwayoyi masu girman ƙwayar gero, kamar milimita 2, ya sani cewa a ƙiyasi ya jera duwatsu ne masu santimita 30, kowanne ya fi kan mutum girma. Ido kuwa yakan tsinkayi wannan kuskure tun kafin hankali ya lissafa shi, sai jirgin duka ya koma abin wasa, komai tsadarsa.

Ga yadda gwani yake yi. Yakan wanke ƙwayoyin ya shanya su, ya tankaɗe da rariya mai laushi sau biyu domin ya fitar da manya ya kuma kori ƙura, sannan ya bi ta kansu da maganaɗisu, saboda duk ɓurɓushin ƙarfen da ya rage injin ɗan jirgin zai janyo shi ya lalace. Daga nan sai ya ɗebo da ƙaramin cokali ya zuba tsakanin matasan dogo, ya share da lallausan buroshi har kan kowane matashi ya bayyana, ya ɗan ƙwanƙwasa ƙarfen domin ƙwayoyin da suka hau su sauka, ya gyara kafaɗun biyu su gangara daidai. Ba ya zuba gam a kan busasshiyar tsakuwa, don zai dunƙule ya kwashe ta. Sai ya fara jiƙa ta da feshin ruwa mai ɗigon sabulu, sannan ya riƙa ɗiga farin gam na kafintoci da aka tsinka da ruwa, ɗigo bayan ɗigo, yana kiyaye mararrabar dogo inda ƙarfe ke motsi, ya bar shi kwana guda ko biyu ba ya taɓawa. Launi ma da hukuncinsa: babban layi toka-toka ne, tsohon reshen ƙauye ya yi ja saboda tsatsa da ƙurar birki, gaban tasha kuwa inda kan jirgi yake tsayawa ya yi baƙi da mai. Ba a sanin waɗannan sai an je an tsaya a bakin dogo an duba.

Wannan tsayuwa da dubawa ita ce falalar fasahar, kuma rashinta shi ne cutarta. Japanawa sun gaji al'adar taƙaita ƙasa a cikin faranti, da renon itace a tukunya wanda ake kira bonsai, don haka mafi kyawun ayyukansu sukan nuna wuri ɗaya sananne a lokaci ɗaya sananne, kamar 'yar tashar ƙauye tsakanin gonakin shinkafa bayan girbi. Amma kasuwa ta sauƙaƙa abin har ta kusa raba shi da ijtihadi, domin Kato da Tomix suna sayar da dogo wanda aka riga aka zubo masa siffar tsakuwa da roba, da gidaje da itatuwa shiryayyu, ta yadda mutum zai iya cika allo bai taɓa kallon ƙasar da yake kwaikwayo ba. Sakamakonsa kuwa fasali ne tsaf-tsaf, marar tsatsa, marar ƙura, wanda ya yi kama da na maƙwabcinsa.

A nan ne yaron Gulbin Rima yake da abin da kuɗi ba sa saye. Idan kaka ta yi aka sare dawa, za ka gan shi zaune gindin darni ya feƙe ɓawon kara siri-siri, ya yanka totuwa gunduwa-gunduwa, yana soka wannan cikin wancan har gangar jikin babbar mota ta tashi. Ya yanko tayu daga tsohon silifa, ya sa murfin kwalba a matsayin fitila, ya ɗaura dogon sille ya zama sitiyari. Bai sayi kome ba, kuma bai kwaikwayi kome ba sai abin da ya gani da idonsa, wato motocin da suke lodin albasa da tafarnuwa daga fadamun Wurno da Goronyo, har da tsanin da ke gefensu da yadda kaya suke rinjayar da su. Naƙasar aikinsa guda biyu ce: ba shi da mizani, sai taya ta fi ƙofa girma, kuma motarsa ba ta da ƙasar da aka gina mata, tana lalacewa a cikin kwana kaɗan. Abin da ya fi waɗannan ciwo shi ne da zarar ya tasa sai a ce masa ya girma, hannun da ya soma ƙwarewa ya mutu.

In za a raya wannan fasaha a wurinmu, mai tsoron Allah zai tambayi hukuncin sura, kuma tambayarsa tana bisa hanya. Abin da malamai suka yi tsanani a kansa shi ne surar mai rai. An ruwaito a cikin Bukhari da Muslim cewa Abdullahi ɗan Abbas, Allah Ya yarda da su, ya shawarci wani mai sana'ar sura da ya koma ga itatuwa da abin da ba shi da rai. Jirgi da gada da rumbu da gona duk suna cikin wannan babi, kuma mai son fita daga saɓani yana iya barin mutum-mutumi da dabbobi, fasalinsa ba zai rasa kome na asali ba.

Kayan aiki kuwa suna ƙarƙashin ƙafafunmu. Ƙasar Wurno da Rabah ta laka ce da rairayi da marmara, da farin dutse irin wanda ake haƙa a Kalambaina domin siminti. Dutse mai tauri irin na tsakuwar dogo sai an nausa gabas wajen Gusau da Kwatarkwashi, kuma garinsa da ke zuba a wurin masu fasa dutse, in an tankaɗe, shi ne ya fi dacewa da shimfiɗar dogo saboda kusurwoyinsa. Marmara da aka daka tana ba da jan hanya, rairayin Rima yana ba da bakin gulbi, ƙaro irin wanda malamai suke sa wa tawada yana iya riƙe ƙwayoyi, illa dai laimar damina tana sassauta shi, ƙurar hunturu kuma tana wajabta murfin gilashi. Da waɗannan za a iya gina tashar Ƙauran Namoda da buhunan gyaɗarta, ko madatsar ruwan Goronyo da magudananta, ko ribaɗin Wurno inda Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya zauna har wafatinsa a 1837, ko da babu jirgi ko ɗaya a ciki.

Abin da ya kamata mu ɗauko daga Japanawa shi ne ladabin awo, da ganin girman aikin hannu har tsufa. Abin da ya kamata mu riƙe daga namu shi ne ƙera abu daga abin da ƙasa ta bayar. Hakkin haɗa waɗannan yana wuyan malaman makaranta da iyaye. Malamin lissafi da zai umurci ajinsa su auna rumbun gidansu su rage shi sau 50 su gina shi a kan allo, ya koyar da rabawa da ƙiyasi da haƙuri a darasi ɗaya, kuma daga irin waɗannan ajujuwa ne ake sa ran samun masu safiyo da injiniyoyin da za su auna ƙasa ranar da aka ƙuduri kawo dogo Sakkwato. Allah Ya sa 'ya'yan wannan gulbi su kasance cikinsu.